Ƙanina ya samu taɓin hankali, kawunmu ya hana a kai shi asibiti: mene ne hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanina ɗan shekara 24 ne. Wata biyar ke nan ba ya barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa za a kashe shi. An kai shi wajen mai ruƙiya, aka ce aljana ce ta aure shi. Da na je duba shi na tarar da mari a ƙafarsa, bayansa duk shatin bulala. Na ce a kai shi asibiti, kawunmu ya ce rashin tawakkali ne, ciwon iska ba na likita ba ne. Sallah ma ya daina. Ina mafita? Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa halal ne, a halin da kika kwatanta ma wajibi ne a kan waliyyansa, domin wanda ya yi imani ana farautar ransa yana iya cutar da kansa ko waninsa, kuma kare rai da hankali suna cikin manyan manufofin shari'a. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Tsufa kaɗai aka cire. Wanda ya cire ciwon ƙwaƙwalwa, shi za a tambaya hujja.

Kawunku ba mugunta yake nufi ba, fahimta ce ta kuskure masa. In hawan jini ya kama shi, ai ba ya ƙin shan ƙwaya don tawakkali. Ƙwaƙwalwa ma wani sashe ne na jiki mai cike da jijiyoyi, tana ciwo kamar yadda ƙoda ke yi. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Ban musanta aljanu ba, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Ruƙiya kuma ta halatta matuƙar babu shirka a ciki, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Aufu bin Malik. Amma wa ya tabbatar aljana ce? Zato ne kawai. Rashin barci, jin muryoyi, zargin mutane, duk alamomi ne da likitoci suka sani sarai, wani lokacin ma zazzaɓi mai tsanani ko shaye-shaye ke jawo su. Wata biyar ana abu ɗaya babu sauƙi, wannan kaɗai ya isa a sake tunani. Ku karanta masa Fatiha da Falaƙi da Nasi a gida, ku tofa masa, yana shan maganinsa. Ɗaya ba ya kore ɗaya.

Mari da bulala kuwa haramun ne, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Masu yi suna cewa aljanin suke duka, to amma da safe bayan wa ke zubar da jini? Ƙa'ida ce tabbatacciya: babu cuta, babu cutarwa. Mun ga ƙarshen irin wannan a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan majinyata. A ɗauko shi daga wurin nan yau, kada a jira gobe.

Batun sallah, ki kwantar da hankalinki. An ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, kuma a mazhabar Malikiyya ba ya rama sallolin da lokacinsu ya fita yana cikin wannan hali. Azumi ne yake ramawa idan ya warke. Kada a tsangwame shi.

Daga Funtuwa, mafi kusa da ku shi ne asibitin koyarwa na Shika a Zariya, sai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Akwai kuma na Dawanau a Kano da na Kware a Sakkwato. Wanda ya fi sanin yadda ciwon ya faro shi zai raka shi, ya faɗa wa likita komai, har abin da ake jin nauyin faɗa, kamar shan wiwi ko maganin tari in akwai. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a daina sha da zarar mutum ya fara hira da dariya, sai ciwon ya dawo. Likita ne kaɗai zai rage ko ya tsayar.

Kawu kuma kada ki ja da shi a gaban jama'a. Ki samu limaminku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, a karanta masa wannan amsar. In ya dage, mahaifinku ko babban wanku su kai yaron ko da bai yarda ba, babu laifi a kansu.

Wallahu a'alam.