Wankan dam a bazara: amsoshin tambayoyinku

Tun da bazara ta kama, zafin Katsina yana haura digiri 40 da rana, ga wutar lantarki ba ta zama, saƙonnin da suka fi zo mini a kan wankan dam da kududdufi ne. Na ɗauki huɗu a wannan makon.

Wani matashi daga Daura ya rubuto: "Likita, mukan je dam ɗin Sabke da la'asar ni da abokaina. Rannan na yi tsalle na faɗa wuri mai zurfi, sai numfashina ya ɗauke, ƙafata ta ɗaure kamar an riƙe ta. Da ƙyar na fito, alhali na iya iyo tun ina yaro. Abokaina sun ce mutanen ruwa ne."

Ɗana, Allah Ya kiyaye gaba. Abin da ya same ka muna da bayaninsa a likitance. Ruwan dam hawa-hawa ne. Na sama rana ta wuni tana dukansa, ka sa hannu ka ji ɗumi, amma can ƙasa inda rana ba ta kaiwa da sanyinsa yake. Kai kuma ka zo jikinka ya ɗau zafi, ka yi gumi, ka faɗa ciki lokaci guda. Da sanyin ya bugi fata, jiki yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son mutum ba, irin zaburar da kake yi idan aka sheƙa maka ruwan randa a baya da asuba. Sai haki ya biyo baya, zuciya ta shiga bugawa da sauri, jijiyoyin jini na fata su tsuke. Wannan yakan ɗauki minti ɗaya zuwa uku kafin ya lafa. Idan kanka yana cikin ruwa a lokacin jan numfashin nan na farko, ruwa ka shaƙa, kuma gwaninta ba ta hana wannan.

Maganar ƙafa kuwa, ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Jiki sai ya janye jini zuwa ƙirji da ciki don ya kare zuciya, hannu da ƙafa su yi sanyi, su yi nauyi, tsoka ta ɗaure, musamman ga wanda ya wuni a rana bai sha ruwa sosai ba. Gaskiya ne ruwanmu bai kai na wasu tafkunan Turai sanyi ba, inda yakan kasa digiri 15 ko da lokacin zafinsu. Sai dai mu muna da namu ƙarin: laka mai riƙe ƙafa, komar masunta, kututturan itatuwa da ruwa ya rufe, da rami da ba a gani.

Ka daina tsalle. Ka huta a inuwa tukuna, ka sha ruwa, sannan ka shiga a hankali, ka jiƙa fuska da wuya da ƙirji, ka tsaya inda ƙafarka ke taɓa ƙasa. In hakan ya sake faruwa, kada ka yi ta fafutuka. Kwanta rigingine, ka buɗe hannuwa, ka bari numfashi ya daidaita kafin ka nemi gaɓa.

Wata uwa daga Ƙofar Marusa ta ce an tsamo yaron maƙwabta daga kududdufi, aka ɗaga shi kai ƙasa ana danna masa ciki don ruwa ya fito. Tana tambaya ko daidai ne.

Hajiya, ba daidai ba ne, kuma wannan al'adar tana ci mini rai. An taɓa kawo mini yaro ɗan shekara tara, wandonsa a jiƙe, laka a ƙarƙashin farce, mutanen da suka kawo shi duk masu son sa ne, amma sun ɓata lokacin da ya fi tsada suna matsa masa ciki. Iska yaron yake nema. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, dannar ciki kuma amai take jawowa, ya koma huhu. A kwantar da shi a ƙasa, a ɗan ɗaga haɓarsa. In ba ya numfashi, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba haka har a isa asibiti. Ko ya farfaɗo yana magana, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kai shi asibiti, don huhu kan rikice bayan 'yan sa'o'i. Ki kuma faɗa wa yara: wanda ke nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu, kuma ba a faɗawa a kamo shi. A miƙa masa sanda ko igiya, ko a jefa masa jarka a rufe.

Wani magidanci mai hawan jini ya tambaya ko zai iya shiga dam don ya ji sanyi. Malam, ka haƙura. Sanyin farat ɗaya yana ƙara hawan jini, yana iya rikita bugun zuciya. Wanka da bokiti a gida ya ishe ka. Mai farfaɗiya ma haka, ko da yana shan magani, kada ya shiga ruwa mai zurfi.

Sai wani uba daga wajen Ajiwa: ɗansa mai shekara 12 yana ganin jini a ƙarshen fitsari, an ce masa alamar balaga ce.

Baba, balaga ba ta zuwa da jini a fitsari. Abin da na fi zargi tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke bakin ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. In aka bar ta shekaru, tana lalata mafitsara da ƙoda. Ka kai shi a gwada fitsarinsa. Maganinta praziquantel ne, ana bayarwa gwargwadon nauyin yaro ko tsayinsa, a sha bayan an ci abinci. Ka tafi da 'yan'uwansa da suke zuwa wankan tare, don in shi ya kamu, da wuya su sun tsira, kuma wanda ya warke ya koma ruwan zai iya sake ɗauka.