Ga ɗan'uwan da aka cire sunansa daga fim: abin da ya same ni da abin da Salim da Javed suka yi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, kuma tun ban kai ƙarshenta ba zuciyata ta yi nauyi, domin abin da ka faɗa ya taɓa faruwa da ni. Ka ce kai da abokinka kuka rubuta labarin fim, furodusa ya karɓa ya yi aiki da shi, amma da fim ya fito sai sunan abokin naka kaɗai aka rubuta, shi ya sa kake tambaya ko ka rabu da shi, da kuma ko an taɓa samun marubuta biyu da suka daɗe tare ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba.

An samu, kuma duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya ci moriyar aikinsu ko da bai san sunansu ba. Salim Khan da Javed Akhtar su ne suka rubuta Zanjeer na 1973, da Deewaar da Sholay na 1975, da Don da Trishul na 1978. Fina-finai 24 suka yi tare, kusan 20 daga ciki suka samu karɓuwa a kasuwa, Sholay kuwa ya shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay. Salim da fitowa a fim ya fara, ya daɗe yana karɓar ƙananan matsayi bai yi suna ba, shi kuwa Javed ya iso Bombay a 1964 ba shi da ko wurin kwana tsayayye. A wurin ɗaukar wani fim mai suna Sarhadi Lootera suka haɗu, ɗaya yana wasa, ɗaya yana ƙaramin aiki a bayan kyamara. Na kawo maka wannan ne domin ka san cewa su ma daga inda muke suka taso, a lokacin da marubuci ba kowa ba ne a masana'antarsu.

Nawa labarin kuwa har yau idan na tuna shi sai barci ya gagare ni. Abokina gwani ne wajen ƙulla labari, ni kuma hirar da jarumai za su yi ita ce tawa. Mun yi watanni muna zama bayan sallar isha'i, shi yana zayyana fitowa bayan fitowa, ni ina sa wa mutanen magana a baki, har sai da iyalina suka fara ƙorafin ba sa ganina. Da muka gama, furodusan ya riƙa kiran abokina shi kaɗai. Ranar da aka fara haska fim ɗin na tafi da matata da ƙanenta, na sa sababbin kaya, muka zauna muna jiran sunaye. Aka nuna na furodusa, aka nuna na darakta, sannan aka rubuta labari da tsarawa, sunan abokina ya fito shi kaɗai. Nawa sunan sai can ƙarshe na gan shi, a cikin jerin waɗanda aka yi wa godiya ta musamman, tsakanin wanda ya ba da aron gida da wanda ya ba da aron mota. Matata ba ta ce komai ba, ƙanenta ya sunkuyar da kai, kuma a daidai lokacin da muke fita na ji wasu samari suna maimaita wata magana da na kwana ina gyara ta, suna yabon jarumin da ya faɗe ta.

Washegari na je wurin furodusan. Ya bar ni a tsaye yana amsa waya, da ya gama ya ce mini shi da mutum ɗaya ya yi ciniki, kuma labari na wanda ya zuba kuɗinsa ne. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini abin da ya kira kuɗin mota, a gaban yaran ofishinsa. Ban karɓa ba. Wannan mutum ya san sarai wane ne ya rubuta hirar, domin ni ya riƙa kira da tsakar dare daga lokeshan idan jaruma ta kasa faɗin wata magana, in sauya masa ita ta waya. Ya san gidana, ya ci abinci a ɗakina, ya kira ni malam a lokacin da yake buƙatata. Rashin kuɗin ya dame ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya dube ni kamar maroƙi. Allah ya isa tsakanina da shi, kuma ban janye wannan kalma ba.

To, ka dubi abin da Salim da Javed suka yi da irin wannan wulakanci. Babbar damarsu ta farko ta zo ne ta hannun jarumi Rajesh Khanna, wanda ya karɓi aikin Haathi Mere Saathi na 1971, fim ɗin giwayen nan, amma rubutun bai gamsar da shi ba, sai ya nemi su gyara da alkawarin za a sa sunansu. Da Zanjeer ya zo fitowa suka ga babu sunansu a fosta, sai suka ɗauko mai fenti suka biya shi ya bi titunan Bombay da dare yana buga sunan Salim da Javed a kan fostocin. Abin da nake so ka lura da shi shi ne suna biyu aka buga, alhali Salim ne ya fara ƙirƙirar labarin Zanjeer tun kafin tafiyarsu ta yi ƙarfi. Bai ce wannan nawa ne ni kaɗai ba. Kuma tare suka nace wa darakta Prakash Mehra ya ɗauki Amitabh Bachchan, bayan manyan jarumai sun ƙi aikin, a lokacin da fina-finan Amitabh suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Furodusa bai isa ya kira ɗaya ya bar ɗaya ba, shi ya sa farashinsu ya riƙa hawa har ya kai suna karɓar kuɗi irin na manyan jarumai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nasu bangon kuwa shekara goma bai tsage ba.

Saboda haka kafin ka yanke hukunci a kan abokinka, ka bincika ko ya san za a cire sunanka. Idan bai sani ba, furodusan ne abokin rigimarka, kuma ku biyun aka cuta. Idan ya sani ya yi shiru, kamar yadda nawa ya yi, to ka yi masa magana ido da ido, kada ka aika masa saƙo, kada kuma ka fara kai ƙararsa wurin jama'a. Nawa abokin da na tambaye shi cewa ya yi yana tsoron kada aikin ya kuɓuce mana gaba ɗaya, kuma yana da bashin haya a kansa. Na yarda yana cikin matsi, amma da ya zo ya faɗa mini tun kafin ranar, da ban kai iyalina su ga abin da suka gani ba. Muna gaisawa har yanzu, na je sunan ɗansa, sai dai alƙalaminmu bai sake haɗuwa a takarda ɗaya ba.

Kada kuma ka ɗauka rabuwa abin kunya ce. Su kansu Salim da Javed sun rabu a 1982, shekara guda bayan Javed ya fara rubuta waƙoƙin fim a fim ɗin Silsila, aikin da Salim ba ya cikinsa. Javed ne ya furta cewa yana son kowa ya kama gabansa, kuma Salim bai ɓoye cewa abin ya yi masa ciwo ba. Javed ya ci gaba da rubuta fina-finai irin su Betaab da Arjun, ya zama ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙa a Indiya, Salim kuwa ya yi shekaru kafin ya dawo fagen rubutu da fim ɗin Naam a 1986. Amma ka ga, Mr. India da suka rubuta tun suna tare ya fito a 1987 da sunayensu biyu, babu wanda ya goge ɗan'uwansa. Kuma a 2013, da 'ya'yan Prakash Mehra suka tashi sake yin Zanjeer, tsofaffin nan biyu tare suka shigar da ƙara a babbar kotun Bombay, suna cewa izinin yin fim sau ɗaya suka sayar, rubutun yana nan a matsayin nasu, har aka kai ga sasantawa. Bayan shekara talatin da rabuwa ke nan.

Akwai abin da ke damuna game da mu marubuta, ko da yake ba shi ka tambaya ba. Muna jin kunyar maganar kuɗi, muna cewa ai an zama ɗaya, sai a bar komai a kan amana, alhali Alƙur'ani da kansa ya umarce mu da rubuta bashi a cikin Suratul Baƙara. Javed da ya shiga majalisar dattawan Indiya ya tsaya kai da fata har aka gyara dokar haƙƙin mallaka a 2012, domin marubuta waƙa da masu kiɗa su riƙa samun rabonsu daga abin da aikinsu ya kawo. Mu nan wani yaro zai karɓi aikin da ka ƙi a kan rabin kuɗin, washegari kuma shi ma a yi masa abin da aka yi maka.

Idan za ku ci gaba tare, ku rubuta a takarda yadda sunayenku za su fito da yadda za a raba kuɗi, ku sa hannu a gaban shaidu biyu tun kafin ku miƙa shafi ɗaya. Kada ɗayanku ya je ciniki shi kaɗai, ko da furodusa ya ce minti biyar ne. Ka ajiye duk rubutunka na farko, ka riƙa tura wa kanka ta imel domin kwanan wata ya zauna. Ka kuma yi haƙuri da mutanen gida idan suka tambaye ka ina sunanka, domin tambayar tana da zafi amma ba da mugunta suke yin ta ba. Tun da ka ce a YouTube aka saki fim ɗin, ka nemi abokin naka ku je wurin furodusan tare a wannan makon, ku buƙaci a ƙara sunanka a bayanin da ke ƙasan bidiyon da kuma cikin kashi na gaba, kuma shi ne zai fara magana, ba kai ba.