Kewar Shagon Kaset: Tambayoyinku Kan "Tuna Bara", Faifai da Kufai

Tambayar farko ta wannan makon daga wani magidanci ce, mazaunin Gangare a Jos. Ya ce: "Malam, duk sanda na ɗauko zancen shagunan kaset na wajen Taminus da titin Ahmadu Bello, da gidajen gem da muke zuwa in an tashi makaranta, sai ƙannena su ce mini kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan gatse ne ko nasiha? Kuma abin da nake ji a raina, kewa ce ko bege?"

Ɗan'uwa, ƙannen naka sun faɗi karin maganar daidai, amma sun ɗora mata aikin da ba nata ba. Dubi yadda aka gina ta: babu "kada" a cikinta. Ba ta hana kowa tuna baya ba, labari kawai ta bayar game da halin ɗan'adam. A bakin manomi aka fi gane ta. Wanda rumbunsa ya cika bana ba shi da lokacin lissafin damin bara. Wanda fari ya cinye masa gona shi ne za ka ji yana cewa bara war haka mun ɗaure kaza. Ke nan duk mai ambaton bara yana shaida maka cewa akwai abin da ya rasa bana, kuma abin da ya kamata mai sauraro ya yi shi ne ya tambaye shi, me ka rasa? Bahaushen da ya yi wannan karin magana shi ne dai ya ce waiwaye adon tafiya.

Batun kewa da bege kuwa, akwai ta uku da ake haɗa su da ita, wato marmari. Marmari na abin da aka daɗe ba a samu ba ne, kuma da an samu sai ya kwanta. Shi ya sa ake kiran lemo da ayaba kayan marmari. Bege ya fi nauyi, zuciya ce ke rataye da wanda take ƙauna, ko ta taɓa ganinsa ko ba ta taɓa ba. Don haka muke cewa begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, har masu waƙoƙin yabonsa ake ce musu masu bege. Ita kewa ba ta samuwa sai da sabo. Ba ka kewar abin da ba ka zauna da shi ba. Abin da kake ji kewa ce, kuma in ka lura da kyau, ba ta roba da zaren kaset ba ce.

Wanda bai riski waɗannan shaguna ba zai ɗauka wurin saye da sayarwa ne kawai. Lasifika ce a bakin ƙofa tana tashi tun hantsi, kaset jere a kanta har kusa da rufi, mai shago na zaune gaban rikoda mai baki biyu. Yaro zai tara kuɗin tara na makaranta ya sayi kaset wanda babu komai a kansa, ya rubuta waƙoƙin da yake so a takardar da ya yago daga littafinsa, ya miƙa, a ce masa ya dawo gobe. In mai minti 60 ne, minti 30 ke nan kowane gefe, don haka sai an yi ta shawara da abokai kan wace za a saka, wace za a bari. A kanta ɗaya za ka ga Shata da Ɗanmaraya Jos, ga waƙoƙin Indiya, ga rege, ga wa'azi da karatun Alƙur'ani. Masu tsayawa a ƙofar kuma ba a tambayar su daga wace unguwa suke. Bahaushe, Birom, Afizere, Anaguta, Ibo, Bayarabe, duk da Hausa ake musun wane mawaƙi ya fi wane. Haka gidan gem, haka teburin sunuka: wanda aka cinye ya tashi, na gaba ya zauna.

Mutane kan ce waya ce ta kashe wannan duka. Ta kashe cinikin, wannan gaskiya ne. Layin salula ya shigo Najeriya a 2001, sannu a hankali sidi ya ture kaset, memori ya ture sidi, har aka koma wajen masu tura waƙa a waya. Amma haka ta faru a Kano da Kaduna da ko'ina. Abin da ya sami Jos ya fi haka ciwo. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumban 2001, da gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, da rikice-rikicen 2008 da 2010, su suka raba unguwanni, har yaro ya tashi ya san titin da ba ya tsallakawa. Shago in ya mutu wani kan buɗe a gurbinsa. Majalisar da ta watse saboda tsoro ita ce mai wuyar haɗawa. Don haka in ƙannenka suka sake faɗa maka waccan, ka ba su amsa da wadda ta fi dacewa da halinka: sabo ake yi wa kuka. Sannan ka zaunar da su ka ba su labarin abokan naka ɗaya bayan ɗaya, da unguwannin da suka fito, don su san an taɓa yin haka a garin nan.

Wata ɗaliba a Jami'ar Jos ta rubuto: "Malam, me ya sa 'yan jarida ke cewa faifan bidiyo ya bazu, alhali a waya yake? Ni faifan da na sani na kicin ɗin Mama ne."

'Yata, na kicin ɗin Mama shi ne uban sauran. Faifai, jam'insa fayafayi, shi ne zagayayyen abin nan da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya da sheƙar hatsi. Da na'urar sauti ta farko ta iso ƙasar Hausa, mutane suka lanƙwasa sunanta na Turanci ya koma garmaho. Shi kuwa baƙin abin da ake ɗora mata, ba su ari suna ba. Sun dube shi, zagayayye ne kuma shimfiɗaɗɗe, sai suka ce faifan garmaho. Tsofaffin fayafayin suna juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe bai wuce kamar minti 3 ba, sai a juya, a kan kuma sauya allura akai-akai. A 1948 aka fito da mai dogon zango, wanda ke ɗaukar kusan minti 20 a gefe guda.

Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sunan faifai bai kama shi sosai ba, don shi mai kusurwa huɗu ne. Sai aka bar shi da sunansa na aro. Sidi na zuwa, ga shi zagayayye, kalmar ta dawo da ƙarfinta. Daga nan ne ma'anar ta zame daga mazubi ta koma kan abin da ke ciki. Yau in an ce faifan bidiyo ko faifan murya, ana nufin abin da aka naɗa, ko da babu wani abu mai zagaye a wurin. Ba kuskure ba ne, kuma ina son wannan kalma ƙwarai, don tun daga tsakar gida ta taso, ta bi na'ura bayan na'ura ba ta faɗi ba. Ita ma "naɗa" ɗin haka take: zare ake naɗewa, har da na kaset, wanda muke zura wa biro mu juya in rikoda ta tauna shi.

Wani dattijo daga Unguwar Rogo ya tambaya ko kasuwar Taminus da ta ƙone kango za a kira ta ko kufai. Baba, kango gini ne da bangonsa ke tsaye amma babu rufi ko babu mai zama a ciki. Kufai wuri ne da aka taɓa zama, gari ko ƙauye, mutanen suka tashi suka bar shi. Ginin kasuwar kango ne. Wurin kuwa bai zama kufai ba, tunda har gobe 'yan kasuwa na baje kaya a kewayensa.

Ta ƙarshe daga Bukuru take, mai tambayar yana jayayya da abokinsa: silima ko sinima, kuma ina majigi ya shiga? Majigi ya riga su. Shi ne wanda ake kawowa da mota zamanin Turawa da bayansa, a kafa farin ƙyalle a fili da dare, a nuna wa jama'a kyauta, yawanci kan tsafta da noma da saƙon hukuma. Silima gida ne mai ƙofa da tikiti, irin Kwararafa da Rex a nan Jos, inda a da matasa ke cika layi don finafinan Indiya da na Cana. Musayar "n" da "l" kuwa tsohuwar ɗabi'a ce ta bakin Bahaushe wajen aron kalma. Ita ce ta ba mu lamba daga "number" ta Turanci. Ku daina jayayya, duka biyun Hausa ne. A rubutu sinima ta fi yawa yanzu, amma wanda ya yi layi a Kwararafa silima zai ce maka.