Tambaya da Amsa: Mahaifina bai shiga lissafin korona ba, to lissafin gaskiya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Mahaifina ya rasu a Kano cikin watan Afrilun 2020, ana saura kwana biyu a kama azumi. Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi da tari, numfashinsa na fita da ƙyar, ya cika a gida, ba a yi masa wani gwaji ba. Har yau muna musu da yayana. Shi cewa yake gwamnati ta zuzuta alƙaluman korona don a ci kuɗi, ni kuma ina ganin ɓoye su aka yi. Ta yaya talaka zai gane ko adadin da hukuma ke faɗa na masu kamuwa da masu mutuwa gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin adana katunan marasa lafiya, ni nake tattara adadi a ƙarshen mako in tura sama, don haka zan fara da abin da hannuna ya taɓa. Lambar da NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, ke fitarwa kowane dare a wancan lokaci adadi ne na waɗanda aka ɗebi majinarsu, aka kai ɗakin gwaji, sakamakon ya nuna cutar, sannan takardar ta isa Abuja. Mataki huɗu ke nan, kuma a kowanne mutum na iya zubewa. Mahaifinka ko matakin farko bai taka ba. Ko korona ce ajalinsa ko wata cuta, babu hanyar da sunansa zai shiga wancan lissafi.

A garinmu kuwa ka san yadda muke. Mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Haka addini ya koya mana, kuma haka ya dace. Sai dai ba mu saba zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mu yi rajistar mutuwa ba, in ba gado ko kuɗin fansho ne ya tilasta ba. Ƙanen mahaifiyata ma a makon ya rasu, a ɗakinsa, carbi a hannu. Ni da na ƙare rayuwata a kan cike takardu, ban cike masa ko guda ba, domin babu wanda ya tambaya.

Ka tuna yadda abin ya gudana. An tabbatar da mutum na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020. Kafin wata ya ƙare sai masu haƙa kabari a Dandolo da Abbatuwa suka fara kokawa cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Su ne suka fara ƙirga, ba likitoci ba. A daidai lokacin kuma ɗakin gwajin da ake da shi a jihar ya dakatar da aiki na wasu kwanaki, wato kaburbura na ƙaruwa, adadin hukuma kuwa na tsaye. Gwamnatin jiha ta fara cewa hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Gwamnatin tarayya ta turo ayari ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo, aka bi gidajen mamata ana tambayar iyalai yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 aka ƙirga a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ta yi sanadi. Ya ƙara da cewa fiye da rabinsu a gida suka rasu. Ka ɗauki rabin 979 kawai, ka ajiye kusa da adadin mamatan da aka tabbatar da gwaji a Kano a lokacin, wanda bai wuce gomiyoyi ba, za ka ga girman giɓin da idonka.

Don haka a musunku kai ka fi kusa da gaskiya, amma kalmar "ɓoyewa" ta yi nauyi a kan kowa da kowa. Mafi yawan giɓin rashin gwaji ne da rashin rajista. Akwai inda aka rufe baki da gangan, kamar Tanzaniya, inda gwamnatin John Magufuli ta daina fitar da adadi tun a farkon annobar, ta bar shi a kan mutum 509 da suka kamu da 21 da suka mutu, ya zauna haka fiye da shekara. Wannan daban ne da ƙasar da ke ƙirga iya abin da hannunta ya kai.

Yayanka kuma kada ka raina maganarsa. Wanda ya ga an tara kayan tallafi a rumbuna har mutane suka fasa su a Oktoban 2020, dole zuciyarsa ta yi zargi. Amma batun kuɗi da batun adadin marasa lafiya tambayoyi ne biyu. Da an zuzuta adadin, da binciken jini zai nuna ƙasa da abin da aka faɗa. Akasin haka ya nuna. A ƙarshen 2020 an ɗebi jinin mutane gida-gida a jihohi huɗu don a ga wanda jikinsa ya taɓa haɗuwa da cutar. An samu kashi 23 cikin ɗari a Legas da Inugu, 19 a Nasarawa, 9 a Gombe. Kashi 23 na mutanen Legas kaɗai miliyoyi ne, alhali duk Najeriya, daga farkon annoba har ƙarshenta, adadin hukuma bai kai mutum 270,000 ba, mamata kuma 3,000 da 'yan kai.

To ga yadda nake yi in na ji an karanto adadi a rediyo, na korona ne ko na kwalara ko na sanƙarau. Tambayata ta farko: mutum nawa aka gwada? In an ce an samu 20, sai in nemi sanin cikin nawa. Ashirin cikin dubu labari ɗaya ne, ashirin cikin hamsin kuwa na nufin marasa lafiya sosai kaɗai ake gwadawa, sauran na gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin cewa sai masu cutar sun zauna ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na waɗanda aka gwada kafin a ce an shawo kan lamarin.

Sai kuma in tambayi wa ake kira "ya mutu da cutar". Beljiyam ta riƙa sa har waɗanda ake zargi a gidajen kula da tsofaffi ko ba a gwada su ba, shi ya sa adadinta ya yi sama. Ingila ta sauya ƙa'ida a Agustan 2020, ta ce sai wanda ya mutu cikin kwana 28 da gwaji, nan take mutum fiye da 5,000 suka fita daga lissafi. Shi ya sa kwatanta ƙasa da ƙasa kai tsaye yakan yaudari mutum. Kuma in ka ji ƙasa ta gyara adadinta, wannan ya fi kwantar min da hankali fiye da wadda lambarta ba ta taɓa motsi ba. Birnin Wuhan na ƙasar Sin ya ƙara mutum 1,290 a adadin mamatansa rana guda a Afrilun 2020. Peru ta koma ta tantance takardunta a Mayun 2021, adadin mamatanta ya tashi daga kusan 69,000 zuwa sama da 180,000.

Ma'aunin da na fi yarda da shi dai shi ne na masu haƙa kabari: mutum nawa aka saba binnewa a irin wannan wata, yanzu kuma nawa ake binnewa? Ba ya buƙatar gwaji, ba ya buƙatar a san sunan ciwon. Da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi a Mayun 2022, ta ce a 2020 da 2021 an samu ƙarin mace-mace kusan miliyan 14.9 a duniya, alhali ƙasashe miliyan 5.4 suka ba da rahoto. Indiya ta ƙi amincewa da kasonta na miliyan 4.7. Sai a kula da abu biyu. Wannan ƙarin ya haɗa har da mai ciwon suga da mai naƙuda da suka rasa likita saboda kulle ko tsoron karɓar marasa lafiya, kuma a Kano mun ga irinsu. Sannan Afrilu wata ne na tsananin zafi, tsofaffi kan sha wuya ko babu annoba, don haka da Afrilun bara da na bara waccan ake gwada shi, ba da watan sanyi ba.

Game da mahaifinka, alamun da ka lissafa da lokacin da abin ya faru sun yi kama da korona ƙwarai, amma ba tare da gwaji ba babu likitan da zai rantse maka. Ka gaya wa yayanka haka yadda na faɗa. In kuma ba ku yi rajistar rasuwarsa ba har yanzu, ku je ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukumarku ku tambayi yadda ake yi, ku tafi da ranar da ya rasu da sunan maƙabartar da aka binne shi.