Ga mai shirin zuwa Guangzhou karon farko: yadda na ga zaman yau da kullum a ƙasar Sin

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce kana shirin zuwa Guangzhou karon farko domin sarin takalma da jakunkuna, kuma zaman can ne ya fi tsaya maka a rai: ko Musulmi zai samu abin da zai ci da inda zai yi salla, ko ya kamata ka riƙe tsabar kuɗi, da kuma ko gaskiya ne Sinawa ba sa son baƙar fata. 'Yan'uwa sun riga sun yi maka bayanin biza da tikiti, saboda haka zan tsaya a kan abin da idona ya gani a shekarun da na yi ina kai da kawowa tsakanin Kano da Guangzhou da Yiwu.

Abinci da salla da kake fargaba su ne masu sauƙin. Abin da ke wahalar da baƙo a ƙasar Sin shi ne wayarsa da fasfonsa, domin kusan dukkan rayuwar can a kan waɗannan biyun aka ɗora ta. Wanda ya sauka a filin jirgin Baiyun na Guangzhou da su a shirye zai ga ƙasar tana da daɗin zama, wanda kuwa ya sauka ba shiri zai iya yini da kuɗi a aljihu bai samu motar da za ta kai shi masauki ba.

Mutanen can sun kusa daina taɓa takardar kuɗi. Da manhajar waya ta Alipay ko ta WeChat ake biyan komai, daga kuɗin mota zuwa ruwan sha. Za ka ga tsohuwa mai gasa dankali a bakin titi ta rataye wani ɗan kwali mai alamar QR a jikin kurarta, mai saye ya haska masa waya, wata 'yar ƙaramar lasifika ta faɗi adadin kuɗin da suka shiga, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana can tana juya dankalinta. Doka ba ta yarda mai shago ya ƙi karɓar tsaba ba, amma idan ka miƙa takardar yuwan 100 a kan kayan yuwan 8, sau da yawa sai ya shiga maƙwabta neman canji. Tun daga 2023 an sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin Visa ko Mastercard na ƙasar waje da waɗannan manhajoji, don haka ka sauke su, ka haɗa katin asusunka na dala tun kana gida, sannan ka riƙe 'yan yuwan kaɗan saboda ranar da waya za ta mutu. Biyan kuɗin kaya masu yawa wata magana ce daban, na bar ta ga waɗanda suka fi ni sani.

WhatsApp da Facebook da YouTube da duk abin da ya shafi Google a toshe suke a layukan ƙasar. Yawancin baƙi da VPN, wata manhaja mai kewaye toshewar, suke buɗe su, shi ma tun daga gida ake sa shi, domin samunsa bayan ka shiga yana da wuya, kuma wata rana ya yi aiki wata rana ya ƙi. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ka sa iyalinka da yaron shagonka su buɗe WeChat kafin ka tashi. Ka kuma faɗa musu cewa agogon Sin yana gaban na Nijeriya da sa'a 7, watau lokacin da kake shiga kasuwa da ƙarfe tara na safe, a Kano ƙarfe biyu na dare ne. Rigimar gida da yawa daga nan take farawa, uwargida ta kira da magariba ta ji ba a ɗauka ba, alhali mutum yana tsakiyar barci.

Fasfo kuwa kada ya rabu da jikinka. Da shi ake sayen layin waya, da shi ake shiga jirgin ƙasa, da shi ake kama ɗaki. Doka ta ce a yi wa baƙo rajista wurin 'yan sanda cikin sa'o'i 24 da saukarsa; otal kan yi maka wannan da kansa, amma idan a gidan wani ka sauka, sai kun tafi ofishin 'yan sanda na unguwar. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa ana cin tararsa yuwan 500 a kowace rana, har ta kai 10,000, kuma ana iya tsare shi a hana shi dawowa. A unguwannin da baƙi suka yi yawa 'yan sanda kan tare mutum su duba takardunsa, idan suna daidai minti biyu ya ishe su. Kyamarori suna ko'ina, kuma ko jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka shiga sai jakarka ta bi ta na'urar bincike. Wanda ya saba lissafin hanya kafin faɗuwar rana zai yi mamakin ganin mace ita kaɗai tana tafe da tsakar dare tana latsa waya ba ta ko waiwaye, kuma ni ban raina wannan ni'ima ba. Sai dai ka sani duk inda ka taka an rubuta, kuma zancen siyasa, ko na Taiwan ko na Xinjiang, ba abin da za ka ɗauko wa abokin cinikinka ba ne. Ba zai amsa maka ba, ka dai sa shi a tsaka mai wuya.

Mu dawo kan abinci. Ƙasar Sin tana da Musulminta miliyoyi, waɗanda za ka fi haɗuwa da su su ne 'yan ƙabilar Hui da Uygur. Kusan kowace unguwa a manyan birane tana da shagon taliyar Lanzhou, galibi mai koren allo, kuma Musulmi ne daga arewa maso yammacin ƙasar ke riƙe da yawancinsu. Za ka gane su da farar hula, matan da ɗankwali. A gabanka saurayi zai ɗauki curin ƙullu ya ja shi, ya ninka, ya sake ja, har ya zama siraran zare a tsakanin yatsunsa, ya jefa a tafasasshen ruwa, kafin ka gama zama an ajiye maka kwano da romon naman shanu da man barkono. A yawancin wuraren da na ci bai kai yuwan 20 ba. Inda za ka yi hattara shi ne gidajen abinci na gama-gari, domin naman alade shi ne naman yau da kullum a can, kuma ko ganye ka ce a soya maka ana iya sa masa kitsensa ko giyar girki ba da wani mugun nufi ba. A Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi taruwa a Guangzhou, akwai gurasa da tsiren rago na 'yan Uygur, da gidajen abincin Larabawa da Turkawa, da ɗakunan girkin 'yan Afirka a saman benaye inda ake samun tuwon semo da miyar kuɓewa. Yaji ka tafi da shi, amma ka bar kilishi a gida, domin kwastan ɗinsu ba su yarda a shiga da nama ba. Ruwan famfo ba a shan sa sai an tafasa, su kansu ruwan zafi suke sha ko da ana zufa. Kuma ka riƙa yawo da 'yar gorar ruwa da takardar goge hannu, saboda ba za ka tarar da buta a banɗakunansu ba.

Guangzhou tsohon garin Musulunci ne, fataken Larabawa da Farisawa sun zauna a cikinsa fiye da shekara dubu da suka wuce. Masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Inda baƙi suka fi taruwa ranar Juma'a shi ne masallacin Xianxian, kusa da lambun Yuexiu, wanda a harabarsa akwai kabarin da mutanen wurin ke danganta wa Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda, ko da yake abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne a kusa da Madina ya rasu aka binne shi a Baƙi'a. Ka je da wuri, domin sahu kan cika har ƙarƙashin bishiyoyi, Basine kusa da Bayamale kusa da mutumin Mali. Sauran salloli kuwa kai ne ladanin kanka, ban taɓa jin kiran salla a lasifika ba. Cikin kasuwa mukan shimfiɗa darduma a ofishin dillali ko a wani lungu na bene, ba wanda ya taɓa hana ni, iyaka a tsaya a kalle ka. Ka tuna alƙibla a can tana yamma ne, don jiki ya saba juyawa gabas.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma ba zan rufe ka ba. Akwai wariya. Za ka zauna a jirgin ƙarƙashin ƙasa kujerar kusa da kai ta daɗe ba kowa, wani direban tasi ya gan ka ya wuce, wani ƙaramin otal ya ce ba ya karɓar 'yan ƙasar waje. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, har kakakin majalisar wakilan Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotunan. Wannan ya faru, kuma waɗanda ya faɗa wa ba su manta ba. Amma yawancin abin da za ka gamu da shi, musamman a ƙananan garuruwan masana'antu, kallon mamaki ne na wanda bai taɓa ganin irinka ba, har wani ya roƙi ku ɗauki hoto. Abin da ya fi ba Bahaushe wuya ma shi ne rashin gaisuwa. Mutum goma za su shiga lif ba wanda ya ce wa wani uffan, kuma mai shago ba zai tambaye ka gajiya ko iyali ba, kalkuleta zai miƙo maka ya tambaye ka guda nawa kake so. Da farko sai ka ɗauka wulaƙanci ne, sai ka lura haka suke yi wa junansu. Karamcinsu a teburin shayi yake fitowa. Mai masana'anta zai zaunar da kai ya yi ta zuba maka a 'yan mitsi-mitsin kofuna, a lardin Guangdong kuma godiyar ita ce ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. Idan aka kai ga liyafar dare za a kawo giya. Ka faɗa tun farko cewa kai Musulmi ne ba ka sha, ban ga wanda ya matsa bayan haka ba.

Ina roƙonka kada ka ƙare tafiyarka tsakanin Xiaobei da unguwar kasuwanni ta Sanyuanli. Xiaobei zango ce, kuma wanda bai fita daga zango ba bai san gari ba. Ka fita da yamma ka ga tsofaffin mata sun jeru a dandali suna rawar motsa jiki, kakanni suna ɗauko jikoki daga makaranta saboda iyayen suna wurin aiki, yarinya tana aikin gida a bayan kwalayen takalma a shagon uwarta, masu shaguna sun kife kai a kan tebur suna barcin rana bayan cin abinci. Akwai abin da ba zai yi maka daɗi ba, kamar hayaƙin sigari da tofar da yawu da ture-ture a layi. Ka kuma kula da baburan lantarki na masu kai abinci, ba su da ƙara kuma har kan hanyar masu tafiya a ƙasa suke hawa. Idan hali ya yi, ka shiga jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a sa'a, wanda ke kai mutum Shenzhen daga tashar kudu ta Guangzhou cikin kusan rabin sa'a. Ana rufe ƙofar shiga 'yan mintoci kafin tashi, kuma roƙo ba ya buɗe ta.

Ba ka faɗi watan da za ka tafi ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Bikin sabuwar shekararsu yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ma'aikata kan koma garuruwansu, masana'antu da kasuwanni su rufe na makonni. Makon farko na Oktoba ma hutun ƙasa ne. Baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, yana zuwa sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma daga tsakiyar Oktoba, kuma a lokacinsa kuɗin otal kan yi tashin gwauron zabi. Ga mai sarin takalma a kasuwa, wanda ba kwantena zai cika daga masana'anta ba, ni ina ganin gara ya kauce wa waɗannan makonni. Daga Yuni zuwa Satumba akwai zafi mai gumi da ruwan sama mai iska, a Janairu kuma sanyi mai ratsa ƙashi, ga ɗakunan kudu ba a cika sa musu abin ɗumama ba. Ka faɗi watan da kuma unguwar da dillalinka ya kama maka masauki, in gaya maka masallaci da tashar jirgin da suka fi kusa da kai. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a dawo da riba.