Tambaya da Amsa: Rubutun jikin taragon ƙaramin jirgin ƙasa, ya ake buga shi a gida?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonni uku na ɗauko yau kuma duk akan abu ɗaya suke, wato ƙananan jiragen ƙasan nan da ake haɗawa akan tebur da layin dogonsu da tasharsu, da yadda mutum zai sa musu rubutu da lamba da hannunsa. Naji daɗi sosai da naga akwai masu wannan sha'awar a cikinmu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni a Zariya na tashi kusa da kwatas ɗin reluwe, mahaifinmu Allah ya jiƙansa a can yayi aiki har ya ajiye, to tun ina yaro jirgin ƙasa ya shiga raina. Bara yayana ya kawo min ƙaramin jirgi na gwanjo daga waje, kan jirgi ɗaya da tarago biyar, an rubuta HO a jikin kwalin. Na goge rubutun Turawan dake jiki nayi musu koren fenti mai duhu, burina in rubuta NRC, wato sunan hukumar jiragen ƙasa a taƙaice, da lamba da fari kamar yadda nake gani da. Na gwada da buroshi ya karkace, na gwada sitika irin ta shago tayi kauri kamar an liƙa filasta. Daga baya aka ce min akwai takardar da ake jiƙawa a ruwa, nayi odarta ta intanet, na tsara rubutun da fari na tura firinta, takarda ta fito ba komai a jiki. Dan Allah ina nayi kuskure? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta. Ɗan'uwa ba kayi kuskure ba, firintar ce bata da farar tawada, kuma ba taka kaɗai ba, kusan duk firintar gida da ta ofis haka take. Kala huɗu take haɗawa, shuɗi-shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi, duk inda kace mata fari sai ta tsallake wurin ta barshi, saboda a lissafinta takardar ai fara ce dama. To ita kuma takardar da ka siya, wadda masu wannan harkar ke cewa dikal, ni kuma nake kiranta sitikar ruwa, wata siririyar fata ce da aka shimfiɗa akan takarda da ɗan gam a tsakani, kuma iri biyu ce, akwai garai-garai wadda ake hango abinda ke bayanta, akwai fara. Daga bayaninka garai-garai ɗin ka siya.

Kuma ka sani matsalar bata tsaya akan fari ba. Tawadar firinta bata rufe abinda ke ƙarƙashinta, haske na ratsa ta, so ko rawaya ka buga akan garai-garai ka ɗora akan korenka mai duhu zata ɓace ne, sai dai ka ɗan hango alamarta in ka karkata taragon. Garai-garai amfaninta rubutu mai duhu akan fenti mai haske, misali baƙi akan fari ko akan ruwan madara.

Ga mafita ɗaya a wurinka. Ka nemi farar sitikar, sai ka juya tsarin, maimakon ka buga haruffan sai ka buga koren da ya kewaye su ka bar haruffan ba tawada, kaga farin takardar shi zai zama rubutun kenan. Wahalar kawai ita ce ka samu koren firinta ya dace da koren fentinka, kuma wannan ba'a gane shi a fuskar kwamfuta ko kaɗan, abinda nake yi shine in buga ƙananan murabba'i kamar goma sha biyu na kore daban-daban a jere kowanne da lambarsa, in bari su bushe, in fita da su tsakar gida da hantsi in kara su a jikin taragon in ga wanda ya saje. Kada kayi wannan gwajin da daddare a ƙarƙashin kwan lantarki, zai yaudare ka. In ka yanke kuma zaka ga bakin yankan ya fito fari siriri kamar zare, sai ka bi shi da ɗan fentin taragon a bakin tsinke bayan ka liƙa. In da hali ka yanka daidai inda katako ko ƙarfen taragon yake da layi, wurin zai ɓoye gaɓar.

Wata dabarar kuma, kayi wa wurin da rubutun zai zauna farin fenti tukunna, sannan ka buga koren akan garai-garai ɗin da kake da ita yanzu ka ɗora a kai, farin ya leƙo ta cikin haruffan. Wannan ba sai ka sake kashe kuɗi ba, kuma ni da ita zan ce ka fara.

Akwai injin dake buga fari na gaskiya. Da can masu wannan sana'ar firintar kamfanin ALPS na Japan suke ji da ita, irin su MD-1000 da MD-5000, da ribon take aiki har da fari da ruwan zinari, amma an daɗe da daina ƙera ta, ko ka samu tsohuwa ribon ɗin zai wahalar da kai. Yanzu kamfanin OKI na da firintocin leza, wato masu aiki da hoda maimakon tawadar ruwa, masu farar hoda, sannan wani kamfani a Jamus mai suna Ghost yana saida farar hodar da ake sawa a gurbin baƙar a wasu firintocin HP. Don tarago biyar gaskiya ban baka shawarar siye ba, amma ka tambayi masu buga riguna da kofuna, wasunsu suna da irin injin, ka kai musu takardarka in irin wadda aka yi don firintar leza ce.

Sai maganar girma, nan ne nake ganin mutane da yawa suna ɓata aikinsu, rubutu yayi ƙato ya cinye tarago. HO ɗin da ka gani a kwali yana nufin an rage komai sau 87. To in harafi a jikin tarago na gaske tsayinsa santimita 30 ne, naka zai zama milimita 3.4, in santimita 15 ne naka bai kai milimita 2 ba. Wanda jirginsa na Ingila ne irin na kamfanin Hornby shi OO ne, da 76 zai raba, duk da layin dogonsu faɗinsa ɗaya da na HO, milimita 16.5. Ka tsara a manhajar zane ta CorelDRAW ko Inkscape wanda shi kyauta ne, ka auna harafin da milimita kai tsaye, kada ka ɗauko hoto daga waya ka matse shi, bakin haruffan zai fito da ƙaiƙayi. Ka fara bugawa a takardar banza ka yanka ka kara a jiki ka gani. Kuma ka buga kowane rubutu sau uku ko huɗu a jere, dole wani ya yage ko ya naɗe.

Tunda kace burinka ya zama kamar wanda ka sani, bari in ƙara maka abu biyu. Hukumar jiragen ƙasa ta NRC a 1955 aka kafa ta, alhali jirgi ya iso Kano tun 1911, so in taragon gyaɗa na zamanin kafin nan kake son kwaikwaya to waɗannan haruffan uku basu dace da shi ba, ka nemi tsoffin hotuna ka duba. Na biyu, tsohon dogon da ya ratsa Zariya faɗinsa milimita 1,067 ne, in ka raba da 87 zai baka 12 da ɗoriya, shi kuwa layin 16.5 da kake da shi daidai yake da faffaɗan dogo mai milimita 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wannan ba zai hana ka komai ba, kayi abinka, na faɗa ne don wata rana in harkar ta yi nisa ka san akwai layi mai milimita 12 da ake saidawa. Kuma dan Allah in akwai tsohon hoton Baba a bakin aiki ka duba ko lambar wani tarago ta fito a bayansa, ka sa ita.

TAMBAYA: Yaya ni sitikar ruwan tawa ta bugu lafiya lau, baƙin rubutu ne, amma ina tsoma ta a ruwa tawadar ta narke ta zama kamar shuni. Takarda biyu na ɓata. Daga wani ɗalibi a Kaduna.

AMSA: Ƙanena firintarka mai tawadar ruwa ce, kuma ka tsallake mataki ɗaya. Irin wannan tawadar ruwa na wanke ta, dole sai an rufe ta. In ka buga ka ajiye takardar a kwance kada ka taɓa, ni nakan barta ta kwana, domin tawada bata shiga jikin fatar kamar yadda take shiga takarda, a sama take zama. Washegari ka samo fentin gwangwani na feshi marar kala mai sheƙi, irin wanda ake samu wurin masu saida fentin mota, ka tsaya nesa kamar taƙi ɗaya da rabi ka fesa sama-sama kamar raɓa, ka jira ya bushe, ka sake, ka sake na uku. Na farkon nan in ka cika shi to shi da kansa zai narkar da tawadar. In kuma ka lafta da yawa sitikar zata yi tauri taƙi kwanciya. Ka bari gobe kuma sannan ka yanka, kuma kada ka yanka dab da tawadar, ka bar ɗan gefe kamar kaurin farce don kada ruwa ya shiga ta baki.

Firintar leza bata da wannan matsalar tunda hoda ce ake gasawa da zafi, amma takardarta daban ce, ka duba jikin fakitin. Kada ka kuskura ka kai takardar tawadar ruwa shagon kwafi su sa maka a leza, zafin na iya narkar da fatar ta manne a cikin injin mutane. Sauran takardar da ta rage maka kuma ga yadda zaka tattala ta, ka buga a takardar banza, ka yanko ɗan guntun sitika ka liƙa shi da salatif daidai kan inda rubutun ya fito, ka maida takardar cikin firinta ka sake bugawa. Takarda ɗaya sai ta yi maka aiki biyar ko shida.

TAMBAYA: Malam yarona ne ɗan shekara 13 ya dage akan wannan abu, kawunsa ya bugo masa sunayen tashoshi ya liƙa, amma da ya bushe sai gefen rubutun yake ƙyalli fari-fari kamar azurfa, duk ya damu. Sannan warin abin feshin nan yana damuna, ba illa? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Hajiya Allah ya raya shi yayi masa albarka, kuma kinyi daidai da kika tambaya akan feshin. Akwai illa in ana shaƙa, kuma yana kama wuta. Kada yayi a ɗaki, kada yayi kusa da murhu ko risho, ya fita waje ya rufe hanci, kuma a shekarunsa gara babba ya fesa masa. Rezar yankan ma a sa masa ido.

Shi ƙyallin nan iska ce ta maƙale a ƙarƙashi. Fentin da baya sheƙi in kika duba shi da madubin ƙara girma zaki ga duk gargada ne, sitikar sai ta hau kan tudun ta bar ramukan da iska a ciki, haske na dukan wurin sai yayi fari. Maganinsa tun farko a fesa wa wurin fenti marar kala mai sheƙi ya bushe yayi santsi kamar tangaran kafin a liƙa.

Ga yadda zai yi. Ya zuba ruwa mai ɗan ɗumi a faranti, ruwan leda yafi na rijiya domin na rijiya yakan bar farin tabo in ya bushe. Ya tsoma sitikar da hantsaki kamar daƙiƙa 15, ya fito da ita ya ajiye akan tsumma ta ɗan jima har sai yaji fatar tana zamewa in ya taɓa ta da ɗan yatsa. Kada ya barta tana iyo a ruwan, gam ɗin zai wanke. Ya ɗiga ruwa a jikin taragon, ya kawo takardar dab da wurin ya tura fatar da jiƙaƙƙen buroshi ta sauka, ya daidaita ta, sannan ya ɗauki audugar goge kunne ya mirgina daga tsakiya zuwa gefe yana koro ruwa da iska. Mirginawa nace, banda gogawa.

Kamfanin Microscale na Amurka yana da ruwa kala biyu na wannan aikin, Micro Set da ake sawa a ƙasa da Micro Sol da ake shafawa a sama ya tausasa fatar ta bi duk wani lungu da kan ƙusa kamar fenti. In bai samu ba, farin binega da aka sirka da ruwa yana ɗan taimakawa a madadin na farkon. In ya shafa na biyun zai ga sitikar ta yamutse kamar ta lalace, ki ce masa ya ɗauke hannu kada ya taɓa, da kanta zata miƙe in ta bushe.

Waɗanda ya riga ya liƙa ma ba'a rasa su ba. Ya ɗauki sabuwar allura ya huhhuda wuraren ƙyallin a hankali, ya ɗiga ruwan tausasawar ya shiga ta hudojin, ya bari ya kwana, in da saura ya maimaita. Bayan nan a goge da ɗanyen tsumma, a fesa mai sheƙi sau ɗaya, sannan marar sheƙi a ƙarshe, shi ke ɓatar da gaɓar har mutum ya rantse da fenti aka rubuta. In hunturu ya shigo ku samu kwali ku kifa akan taragon da zarar an fesa saboda ƙura, in damina tazo kuma a guji fesawa ranar da aka yi ruwa domin danshi na sa fentin yayi hazo. Sunan Ƙaura Namoda in zai buga, kawun nasa ya duba irin rubutun da ya zaɓa ko yana da Ƙ mai lanƙwasa, da yawansu basu da ita sai kwamfuta ta sako wani harafin daban a wurin.