Tambayoyin masu karatu: Wai da Nosferatu Murnau ya fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, na kalli wani tsohon fim na Jamus wanda babu magana a ciki mai suna Nosferatu, aka ce wani Murnau ne daraktansa. Shi ne fim ɗinsa na farko? Kuma a ina ya koyi aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ko kusa. Lokacin da Nosferatu ya fito a 1922 mutumin ya riga ya yi finafinai wajen tara, matsalar kawai yawancinsu sun ɓace shi yasa mutane suke zaton da shi ya fara.

An haife shi a garin Bielefeld na Jamus a 1888, asalin sunansa Friedrich Wilhelm Plumpe, Murnau kuwa sunan wani ƙaramin gari ne a Bavariya da ya ɗauka ya maƙala wa kansa. Ya yi karatun adabi da tarihin zane-zane a jami'ar Heidelberg, daga nan ya shiga rukunin wasan kwaikwayo na shahararren darakta Max Reinhardt a Berlin, kuma a ganina nan ne ainihin makarantarsa, don a wajen Reinhardt mutum yake koyon yadda ake wasa da haske da inuwa a kan dandali, in ka haɗa da idon wanda ya sha kallon zanen manyan masu zane to ka gane daga ina inuwar nan mai hawa bene a Nosferatu ta fito.

Yaƙin duniya na ɗaya ya katse shi, ya yi soja sannan ya koma rundunar jiragen yaƙi, a 1917 ya sauka a Suwizalan aka tsare shi har yaƙi ya ƙare, a can ɗin ma bai zauna haka ba shirya wasan kwaikwayo yake yi.

Da ya dawo a 1919 ya yi fim ɗinsa na farko, Der Knabe in Blau, wanda yau babu shi. A 1920 ya yi Der Januskopf da jarumi Conrad Veidt, labarin littafin nan na Turanci Jekyll da Hyde ne aka canza wa sunaye ba tare da an nemi izini ba, kaga ashe dabarar nan ta daɗe, domin haka nan aka yi wa littafin Dracula a Nosferatu, sai dai a karo na biyun matar marubucin littafin, Bram Stoker, ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata fim ɗin gaba ɗaya, wasu kwafi ne suka tsira.

Zancen ɓacewar kuwa, zaren fim na lokacin yana ruɓewa kuma yana saurin kama wuta, ga shi da aka fara fim mai magana kamfanoni ba su damu da adana tsofaffin ba. In kana son ganin hannunsa na farko nemi Der Gang in die Nacht na 1921, shi ne mafi tsufa da ya rage.